Yaudara: tambayoyin da jama'a ke yawan yi daga Garwa har Kusuri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar yaudara ba ta ƙarewa a bakin mutane, ka zauna majalisa a Garwa, nan arewacin Kamaru, ita ce, ka hau motar Marwa kafin ku kai Figil wani ya ba da labarin yadda aka wanke shi ta waya, ka tsallaka gadar Ngeli daga Kusuri zuwa Injamena nan ma dai ita ce. Amma na lura duk wanda zai yi maganar sai ya ɗauko ta daga nesa, feyman wato 'yan damfarar Duwala, 'yan 419 na Legas, ba ya yarda ya kawo ta kusa da rumfarsa. Shi ya sa na tara tambayoyin da aka fi yi, wasu amsarsu gajera ce wasu kuma dole sai an zauna.

Wai mece ce yaudara takamaimai?

Yaudara ita ce ka dasa wa mutum wani abu a zuciyarsa ya yarda da shi alhali kai ka san ba haka abin yake ba, kuma da gangan ka yi, shi kuma bai san abin da kake yi masa ba. Dole abubuwan nan su haɗu. In baƙo ya tambaye ka hanyar tasha ka nuna masa wata kana zaton ita ce ashe ba ita ba ce, wannan kuskure ne, ba ka yaudare shi ba. In goggo ta zaunar da yara da dare tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, babu abin da ya faru a ciki amma ba yaudara ba ce tunda kowa ya san tatsuniya ake yi. Amma ka cika buhun albasa da ƙanana da waɗanda suka fara ruɓewa, ka jera manya jajaye a baki ka ɗinke, ko kalma ɗaya ba ka furta ba, toh ka riga ka gama yaudara tun kafin mai saye ya baro gidansa.

Ashe ba ita ce ƙarya ba?

Ƙarya ɗaya ce daga cikin kayan aikinta kawai, kuma gwanayen mayaudara ma ba su cika yin ta ba saboda ana iya kama su da ita. Mutum zai sayar maka da babur ya ce wallahi tunda ya zo hannuna ban taɓa buɗe injin nan ba, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya maka cewa satin da ya wuce ya saye shi ba, a hannun ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da ya buɗe injin har ya gaji. Kowace kalma tasa gaskiya ce, abin da ya sa ka fahimta ne ƙarya, kuma shi ya san haka za ka fahimta, don haka ma ya zaɓi kalmomin.

Akwai kuma yaudarar da ake yi da hannu da fuska. 'Yan'uwan Annabi Yusuf ba su tsaya a cewa kyarkeci ya cinye shi ba, sai da suka zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, suka kawo riga da jinin ƙarya a jikinta. Hawaye da jini da zaɓen lokaci, duk cikin shirin ne.

Ni ban ce komai ba, shi ne bai duba da kyau ba. Laifina ne?

Wannan ita ce tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi, kuma amsarta tana nan ƙarara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi, ya tambayi mai kayan mene ne wannan, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce don me ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Ka lura mutumin nan bai yi ƙarya ba fa, da aka tambaye shi ma gaskiya ya faɗa nan take, laifinsa kawai yadda ya tsara tarin. Kuma duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ya san a babin ciniki an jero su, ɓoye aibi bai halatta ba, gauraya mara kyau da mai kyau bai halatta ba, haka nan ɓoye wani abu game da kayan wanda in mai saye ya ji shi zai fasa ko ya rage kuɗi. Wannan na ƙarshen shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi, ka tambayi kanka, abin nan da na yi shiru a kansa, in ya sani zai biya kuɗin nan? In amsar a'a ce toh shirunka ne ya ciro kuɗin daga aljihunsa.

Haba, ai ciniki wayo ne. In ban yi dabara ba yaya zan ci riba?

Ɗan'uwa ba wanda ya hana ka riba. Ka sa wa turmin atamfa kuɗi da tsada, a taya ka ce albarka, a ƙara ka ce albarka, har ku daidaita, wannan babu komai a ciki domin ku duka kun san wasan da kuke yi. Ba dole ne ka faɗi nawa ka saro ba. Amma da zarar ka buɗe baki ka ce Alhaji wallahi ni ma jaka goma sha biyu na saro shi alhali jaka takwas ne, ka fita daga ciniki ka shiga wani abu daban. An ruwaito cewa rantsuwa tana sa kaya su shiga amma tana shafe albarka.

Bari in kawo abubuwan da muke gani da idonmu, don gaskiya abin yana damuna ƙwarai. A kasuwar shanu, ko ta Adumri ce ko wata, za a bar saniya ba a tatse ta ba har hantsarta ta cika ta yi tim don mai saye ya ɗauka mai nono ce, wannan an hana shi da sunansa a hadisi, har aka ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa ko ya riƙe ko ya mayar da ita haɗe da sa'i ɗaya na dabino. Dillali zai kawo yaronsa ya tsaya gefe yana taya sa da kuɗi mai yawa alhali ko akuya ba shi da niyyar saye, don kawai a ingiza baƙon da ya zo da kuɗinsa, shi ma an hana. Wasu za su fita bakin hanya tun asuba su tare mutumin ƙauye da buhun gyaɗa ko masakwa a kan jaki su ce Baba yau kasuwa ta faɗi, su saye a wulaƙance kafin ya iso ya ji farashi da kunnensa, shi ma an hana. Mai awo yana da koro biyu, na saye mai zurfi, na sayarwa an bubbuga gindinsa ya shigo ciki, alhali sura guda ce sukutum a Alƙur'ani ta buɗe da bone ya tabbata ga masu tauye mudu, kuma mutanen Annabi Shu'aibu a kan wannan aka yi ta yi musu gargaɗi. Ga zuwa-zuwa, wato fetur na fasa-ƙwauri, da ake sirkawa da kananzir a kwalba a bakin titi ya kashe wa talaka inji, ga zuma da aka dafa da sukari a ce daga dajin Adamawa take, ga nono da aka tsinka da ruwa aka kaɗa masa garin kuka ya yi kauri, ga auduga da ake yayyafa wa ruwa kafin a kai ta sikeli.

Duk wannan muna kiransa wayo, muna ma yaba wa yaron da ya iya shi mu ce ya buɗe ido. Sannan da dare mu zauna muna tsine wa wanda ya kwashe mana kuɗi ta waya. Ni dai ban ga bambanci ba sai na yawan kuɗin, aikin ɗaya ne.

Me ya sa har masu ilimi da manyan alhazai ake cin su?

Saboda mayaudari ba da wautarka yake aiki ba, da buƙatarka yake aiki. Masunci a Lagdo ba ya sa wa ƙugiya abin da shi yake sha'awa, abin da kifin ke so yake sawa. Mai neman aiki za a zo masa da maganar konkur, wato jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati, a ce akwai wani babba a Yawunde da zai sa sunan ɗanka a jerin waɗanda suka ci, kawo dosiye, wato takardunsa, da jaka ɗari biyar. Yarinyar da gidansu ba abinci za a zo mata da aikin gida a ƙasar Larabawa da albashi mai tsoka. Mai mara lafiya za a zo masa da maganin da ke warkar da sukari da hawan jini da basir duk a kwalba ɗaya. Mai kuɗi kuma a zo masa da yadda zai ƙara. Sai a haɗa da gaggawa, yau-yau ne gobe an rufe, sai a haɗa da sirri, kada ka gaya wa kowa kar a yi maka baki. Duk inda ka ga gaggawa da sirri sun haɗu a kan kuɗinka toh ka ja da baya, domin an yi su ne don kar ka samu lokacin tambayar wani.

Sai kuma amana, wadda ita ce babbar ƙofa. Bernard Madoff a Amurka ba jahilai ya ci ba, bankuna ne da attajirai da ƙungiyoyin agaji, mutumin da ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, da asirinsa ya tonu a Disambar 2008 kuɗin da ke rubuce a takardun mutane sun kai wajen dalar Amurka biliyan 65, aka yanke masa shekara 150 a 2009. Da yawa daga waɗanda ya cuta mutanensa ne na kusa da abokan abokansa. Ko Iblis da zai yaudari Annabi Adamu da Hauwa'u rantsuwa ya yi musu cewa shi mai yi musu nasiha ne.

Ana iya gane mayaudari a ido? An ce ba ya iya haɗa ido da mutum.

Kar ka dogara da wannan ko kaɗan. Wasu masana biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara bincike sama da 200 a 2006 suka ga cewa in aka sa mutane su bambance mai gaskiya da maƙaryaci daga kallo da saurare, kusan 54 cikin 100 kawai suke dacewa, wato kaɗan suka fi mai canki-canka. Balle mu nan da tarbiyyarmu ta ce yaro ba ya kallon babba cikin ido, mace ba ta ɗaga kai gaban surukinta, Bafulatani ma kunyarsa ta fi tamu. In ka bi wannan ma'auni sai ka zargi yaron kirki da ke sunkuyar da kai, ka yarda da wanda ya tsare ka da ido yana murmushi yana jan carbi. Ka bar fuska, ka binciki maganar. Ya ce fili nasa ne, je wajen jauro ko lawan da maƙwabta ka tambaya, ka ga takarda. Ya ce daga ofis kaza yake, tashi ka je ofis ɗin da ƙafarka.

Saƙo ya shigo wai an turo min kuɗi bisa kuskure, mai kira yana roƙo in mayar. Yaya zan yi?

Kar ka karanta saƙon ka yarda, shiga asusunka da kanka ka duba abin da ke ciki. Yawanci ba ko dala da ta shigo, saƙon daga wata lamba ce aka rubuta shi ya yi kama da na Orange Money ko MTN MoMo, a Chadi kuma Airtel Money ko Moov. Wani zai kira da Faransanci mai kyau ya ce daga kamfani yake, za a rufe layinka ko ka ci kyauta, danna kaza danna kaza ka sa lambar sirrinka, kana sawa kai da hannunka ka tabbatar da cire kuɗinka. Kamfani ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko a saƙo. Haka lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa, duk wanda ka ba shi ya ɗauke maka layi, sai ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, Yaya ina asibiti taimaka min da jaka ashirin zuwa gobe. In irin wannan ya zo maka daga wani naka, kira shi a layin waya ka yi masa tambayar da ku biyu kaɗai kuka san amsarta, don yanzu har murya ana iya kwaikwaya da kwamfuta. Kuma dan Allah ku zauna da iyayenmu mata ku yi musu wannan bayanin da Hausa ko Fillanci, su aka fi samu saboda tausayinsu.

Amma kamfanin nan da ake zuba kuɗi ya ba da riba mai yawa da gaske yana biya, maƙwabcina ya karɓa a gabana.

Eh yana biya, dole ma ya biya, biyan nan shi ne tallarsa. Kuɗin da aka ba maƙwabcinka ba riba ba ce, kuɗin waɗanda suka shiga bayansa ne, kuma naka da za ka kai da shi za a biya wani. Charles Ponzi ya yi wannan a Boston a 1920 yana alƙawarin ribar 50 cikin 100 a kwana 45, har yau da sunansa ake kiran irin wannan damfara. MMM ta yi a Najeriya da alƙawarin 30 cikin 100 a wata, a Disambar 2016 aka wayi gari an daskarar da asusun mutane. A Yawunde an yi MIDA, hukuma ta dakatar da ita a 2018 dubban mutane na bin kuɗinsu. Bayanta aka yi Liyeplimal da sunan kuɗin kirifto, hukumar COSUMAF mai kula da kasuwar hannun jari ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya ta yi gargaɗi a kai, mutane ba su ji ba sai da biya ya tsaya.

Ka yi lissafi da kanka mana. In ana ba da 30 cikin 100 duk wata kana barin ribar a ciki, sefa 100,000 za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara ɗaya. Wace sana'a ce ke yin haka, shanu ne ko albasa ko siminti? Kuma wanda ya san hanyar da kuɗi ke ninkuwa sau 23 a shekara me zai yi da jaka hamsin ɗinka, ai banki zai je. Abin da ya fi ciwo a irin wannan shi ne mutumin kirki ake mayarwa ɗan aike, shi ya yarda da gaske, ya jawo matarsa da ƙannensa da mutanen masallacinsu, ranar da abin ya rushe zumunci ya rushe tare da shi. Kar a haɗa shi da adashi, a adashi kowa ya san abin da ya zuba shi zai kwasa ba ƙari, kuma kun san juna. In kuma wajen ajiya ne ko bashi, tambayi ko suna da izini kuma suna ƙarƙashin sa idon COBAC, hukumar da ke kula da bankuna a ƙasashen Afirka ta Tsakiya.

Su waye feyman, kuma malaman da ke ninka kuɗi fa?

Sunan ya yi tashe ne a shekarun 1990 lokacin da tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi, aka rage albashi, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sai ga wasu samari da manyan motoci ba a san sana'arsu ba. Wanda ya fi suna cikinsu Donatien Koagne ne, kuma a gidan yari a Yemen ya ƙare. Dabararsu sananniya ita ce baƙaƙen takardu da za a ce kuɗi ne aka rina, a wanke biyu ko uku na gaske a gabanka, sannan a ce kawo kuɗin sayen maganin wanke sauran.

Namu na gida ba kwat yake sawa ba, rawani ne da buzu da turare. Zai ce ka kawo kuɗi a sa a ƙwarya a rufe da farin ƙyalle, kar a buɗe sai bayan kwana bakwai, kar kowa ya sani in ba haka ba aljanu za su yi fushi. Kwana bakwan nan na tafiyarsa ne. Malamin gaskiya zai yi maka addu'a ya ce je ka nema, ba zai ce yana da ma'aikatar kuɗi a ɗakinsa na haya ba.

A neman aure kowa ai yana gyara kansa. Nan ma yaudara ce?

Kwalliya ba yaudara ba ce, saurayi ya sa shaddarsa mai kyau ya fesa turare, budurwa ta yi lalle ta yi ado, kowa ya san haka ake yi. Inda matsala take shi ne abin da aka gina yardar a kansa. Ka ari motar abokinka ka ce taka ce, ka ce kana da shago a babbar kasuwa alhali yaron shago ne kai, ka ce ba ka da mata alhali tana garin Gidar da 'ya'ya uku, ko iyaye su ɓoye ciwon da suka san yana tayar wa 'yarsu su ce a rufa asiri in an ɗaura ai shikenan. Ba shikenan ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun ambaci aibobin da in aka ɓoye su ake da zaɓin warware aure, kamar taɓin hankali da kuturta, kuma a zamanin nan ga gwajin ƙanjamau da na sikila a asibiti, wanda ya san sakamakonsa ya ɓoye ko ya sayo takardar bogi wallahi ba ƙaramin zalunci ya yi ba, domin har 'ya'yan da ba a haifa ba ya cuta.

Ga 'yan mata kuma, ƙannena, kalmar zan aure ki ba ta da tsada a bakin namiji. Mai nufin aure yana turo magabatansa, ba ya cewa turo min hotonki ba kaya don in tabbatar kina sona. Hoton nan da shi za a dawo ana yi miki barazana ana karɓar kuɗi. In har ya riga ya faru kar ki biya ko sisi don ba ya ƙarewa, ki samu babbar da kika yarda da ita, inna ko yaya, ku kai ƙara. Samari ma ana yi musu, wata za ta riƙe mutum huɗu kowa na turo kiredi da kayan salla kowa an ce masa shi ne.

An ce akwai inda addini ya yarda a yi ƙarya.

Akwai, amma ƙofar ƙarama ce. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba ya ambaci yaƙi, da sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da matarsa. Na sulhu shi ne ka je wa wanda ke fushi da ɗan'uwansa ka ce ai yana ambatonka da alheri don zuciya ta yi sanyi. Na ma'aurata malamai sun ce maganar ƙauna ce da daɗaɗa rai, ba wai ka cinye mata sadaki ko gadonta ka ce an yarda a yi wa mata ƙarya ba. Akwai kuma magana mai fuska biyu lokacin tsoron zalunci, kamar yadda Sayyidina Abubakar a hanyar hijira da aka tambaye shi wane ne wannan tare da kai ya ce mai nuna min hanya ne, su suka ɗauka jagoran tafiya, shi kuma hanyar shiriya yake nufi. Can rai ake karewa. Ba a ɗauko wannan a kawo shi rumfa don a sayar da buhun shinkafa da aka rage wa kwano biyu.

Yaudara da sunan addini fa?

Ita ce mafi muni a wajena, kuma mu a Arewa Mai Nisa mun ga ƙarshenta. Tun wajen 2014 yara nawa 'yan Boko Haram suka ɗauke daga ƙauyukan Mayo Sava da Mayo Tsanaga, wajen Kolofata da Mora da kan iyaka, wasu da ƙarfi aka tafi da su amma wasu da alƙawari ne, babur da jari da aure da Aljanna. Yaron da bai taɓa riƙe jaka hamsin tasa ba aka nuna masa babur sabo aka karanta masa ayar da bai san fassararta ba. Ƙananan irinta kuma suna nan kullum, mai yawo da rasit ɗin ginin masallacin da babu shi, mai karɓar kuɗin kujerar Hajji ya ɓace ana gobe tashi. Wanda aka cuta ta wannan hanya sau da yawa ba kuɗi kawai yake rasawa ba, sai ka ga ya daina yarda da kowane malami, ya daina ba da sadaka ko ga mabuƙaci na gaske.

Mutum na iya yaudarar kansa?

Sosai ma. Wanda ya zuba rabin jarinsa a kamfanin da ya fara jinkirin biya, maimakon ya tsaya sai ya ƙara zubawa yana faɗa da duk wanda ya ce masa a kula, don yarda cewa an cuce shi ta fi masa zafi a kan asarar. Mai tauye mudu ma yana da nasa, kowa haka yake yi, ai na ba da zakka.

An riga an cuce ni. Me zan yi, kuma doka ta ce me?

Na farko kar ka yi shiru. Na san kunya ce, mutum na tsoron a ce duk wayonsa, ko a ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma shirun nan shi ne ke ba mayaudari damar cin mutum goma a unguwa ɗaya da dabara ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Mu ma da ake ba labari mu daina dariya, dariyarmu ce ke rufe bakin na gaba.

In ta waya ce, kira kamfanin nan take ko ka je ofishinsu a toshe asusun, ka canza lambar sirri, kar ka goge saƙonni da lambar da ta kira da lambar cinikin. Sai ka kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko wajen jandarma da duk shaidarka. A Kamaru sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ya haɗa sata da cin amana da damfara wuri ɗaya, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1, akwai kuma dokar laifukan intanet ta Disambar 2010 da hukumar ANTIC da ke karɓar rahoton irin wannan. In kuma rikicin kasuwa ne tsakanin waɗanda suka san juna, sarkin kasuwa ko sarkin Hausawa ko fadar lamiɗo sukan fi saurin fitar maka da haƙƙinka. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba gaskiya. Kuma ka kula da wanda zai kira ka bayan kwana biyu ya ce shi jami'i ne zai dawo maka da kuɗinka in ka biya na buɗe dosiye, sau da yawa su ɗin ne suka dawo zagaye na biyu.

Ni ne na yi wa wani. Istigfari ya isa?

Bai isa ba Malam, don haƙƙin mutum ne. Ka daina, ka yi nadama, sannan ka mayar da abin da ka ci. In ka san mutumin ka kai masa, in kunyar fuskantarsa ta yi maka yawa ka aika wani amintacce ko ka tura masa ta waya, abin da ake so dai kuɗin su isa hannunsa. In ya rasu ka nemi magadansa. In kuma irin na awo ne da ka yi shekaru kana yi wa mutanen da ba za ka iya tuna fuskarsu ba, ka ƙiyasta abin da ya fi rinjaye a zuciyarka ka ɗan ƙara a kai, ka bayar sadaka da niyyar ladan nasu ne ba naka ba, koron nan mai bubbugaggen gindi kuma ka fasa shi kar ka bar wa yaron shago.